Littafin Malam da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sidi, malamin kwaleji kuma marubuci. Allah Ya jiƙansa. Jama'a sun san littattafansa, amma ni a gabana aka rubuta su, kuma ni ce na kusa hallaka na ƙarshen.

Malam bai taɓa sayen takardar rubutu ba. A bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibai yake yi, da jan biro, wai almubazzaranci ne a bar bayan takarda fari fat. In ya gama babi sai ya kai aji ya karanta wa ɗalibai, ya ce su yi masa gardama. Ina mitar tarin takardu, yana dariya.

Da na fita takaba na shiga gyaran ɗakinsa a gidanmu na Runjin Sambo. Takardun nan ban juya ko ɗaya ba, na kwashe na ba Ladi mai ƙosai ta bakin layinmu. Kaico! Shekara talatin ina kallon mutum yana rubutu a baya, ranar da ya kamata in tuna na manta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Hauwa, tsohuwar ɗalibarsa, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, riƙe da takarda duk maiƙo.

"Inna, wanga rubutun Malam na! Ina sauran?"

Na gaya mata inda na kai su. Muka je wurin Ladi muka karɓo abin da ya rage, amma tsakiyar littafin da bai kai ga bugawa ba ta riga ta bi masu karin kumallo gida-gida. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don gani nake na binne shi karo na biyu.

Hauwa ba ta tsaya jimami ba. Ta nemo tsofaffin ɗalibansa, daga unguwar Arkilla har Gawon Nama. Ashe babu babin da bai karanta musu ba! Wannan ya tuna mafarin labari, waccan ta zo da littafin ajinta inda ta kwafi shafi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A hankali suka ɗinke ɓarakar, bara littafin ya fito.

Nakan ce, da Malam zai leƙo ya ga yara na karanta shi a waya, me zai yi? Faɗa zai fara, na san halina, wai yaran yanzu sun guji biro. Sannan ya gyara zama ya ce to, su yi masa gardama.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da na ɓatar, ɗaliban da ya zauna yana saurarensu ne suka maido min, kuma sai yanzu nake iya tuna shi ba tare da kunya ba. Shafin da Hauwa ta fara kawowa yana cikin akwatina, da tabon man gyaɗarsa. Ita kuwa Ladi, har yau ba ta yaga takarda sai ta juya bayanta ta duba.