Shekara Bakwai da Aka Ƙara wa Malam Basiru

Malam Basiru malamin allurar shanu ne a En'e ta Fika. A Potiskum aka haife shi, a gidan Babaji dillali, wanda kakansa ya zo daga Kano da fatauci, ya ga kasuwa ta karɓe shi, ya zauna. Duk garin babu mai musun inda aka haifi Basiru. Lokacin da aka haife shi ne ya zama abin shari'a.

An sa shi elementare ba da son ubansa ba. An ce mai unguwa ya kawo yara, shi kuwa ya kawo waɗanda suka kasa gudu. Basiru ya wuce midil a Maiduguri, daga nan aka koya masa allura, aka ba shi keke da akwatin magani, aka ce ya bi Fulani duk inda suka sauka. Shekara huɗu yana wannan aiki. Shanu sun harbe shi, masu shanu sun zage shi, kuma duka biyun sun warke.

A wannan zamani ne wasu makarantu a Ingila suka gane cewa akwai samari a ƙasashen nan masu ƙishin takardar shaida, suka fara sayar da karatu ta gidan waya. Shanu na tafiya kudu da ƙafa, ilimi na zuwa arewa cikin ambulan. Basiru ya shiga. Yakan amsa tambayoyi a gindin bishiya yana jiran a kamo maraƙi, ya aika, bayan wata biyu amsa ta dawo da jan biro. Ya ci jarrabawa. Baturen likitan dabbobi na lardi ya ji labari, ya sa sunansa cikin waɗanda gwamnati za ta tura Ingila su zama cikakkun likitoci. Wannan a 1954 ne.

An cike fom, an ɗauki hoto, an auna ƙirjinsa. Saura takarda ɗaya, ta shekaru. Tun da ba a rubuta haihuwa a lokacin da aka haife shi ba, sai uba ya je gaban alƙali ya rantse. Sharaɗin Kaduna kuwa shi ne kada ɗalibi ya wuce ashirin da biyar. Basiru yana da ashirin da uku.

A makon ne bushiya, cutar nan mai kwantar da garke, ta ɓarke kudu da Fika, aka ce ya tafi da safe. Ya sami ubansa a zaure, ya durƙusa.

"Baba, ana so ka je wurin alƙali ka shaida shekaruna. Na tafiyar nan ne."

"To," in ji Babaji.

Basiru bai faɗi adadi ba, bai faɗi sharaɗin ba. Ɗa ba ya koya wa ubansa ranar da ya haife shi. Ya hau keke ya tafi.

Babaji ba mutum ne mai yin abu da ka ba. Ranar kasuwa ya kai maganar kara, inda ake cinikin shanu, ya shimfiɗa ta gaban aminansa biyu: Kyari, Babarbare mai sayen fatu, da Bubayaro, Bafulatanin da yake yi wa dillancin shanu shekara ashirin.

"Turawan nan za su kai shi bayan teku," in ji Babaji. "Sun ce in faɗi shekarunsa."

Bubayaro ya ce, "Kai da kake dillali kake tambaya? In za a kora shanu Ikko, maraƙi ake zaɓa ko bijimi? Wanda haƙorinsa bai cika ba a hanya yake faɗuwa."

"Yau Bafulatani ya yi maganar hankali," in ji Kyari. "A rubuta ranar."

"Bawana, yi shiru manya na magana."

"Ni ne bawanka? Kai da ba ka san shekarunka ba, sai na saniyarka."

Suka yi dariya, amma kan maganar babu saɓani. Ba a aiken yaro wurin sarakuna. Duk wanda za a damƙa wa ilimin da ya ƙetare teku, dole a ga ya natsu. In Babaji ya faɗi shekaru kaɗan, ya karya darajar ɗansa da bakinsa, abin da bai taɓa yi wa ko saniyar baƙo ba.

Kuma bai ga wata ƙarya a ciki ba. A shekarar fara aka haifi Basiru, kowa ya sani. Sai dai fara ta zo sau biyu a zamanin Babaji, da shekara bakwai tsakani. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani gaban alƙali, ya ce shekarar fara. Da alƙali ya tambaya wacce, ya ce ta farko. Muhuti, magatakardan kotu, ya lissafa, ya rubuta talatin. Masinja ya kai takarda ofishin Di'o, daga can ta bi jakar wasiƙu zuwa Kaduna. Ba a taɓa ganin takardar En'e ta yi sauri irin wannan ba.

Bayan mako biyar Basiru ya dawo daga daji, ya rame, ya tarar da wasiƙa. Kaduna tana baƙin cikin sanar da shi cewa ya tsufa.

Baturen likita ya ce a gyara. Akwai wadda ta san gaskiya dalla-dalla, wato Ummuhani, uwar Basiru. Amma Basiru ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban maza tana ba da labarin haihuwarsa. Sai ta kira ƙanenta Dabo bayan ɗaki, ta ce masa, "Wancan, a fara ta biyu ne. A gidanmu na haihu, kai ka je kiran ungozoma." Kawu Dabo ya je wata kotu ya rantse, aka rubuta ashirin da uku, aka aika.

Kaduna ta amsa cikin ladabi. Yanzu tana da takarda biyu, kowace da hatimi, kuma mutum ɗaya ba ya da shekaru iri biyu. In ta uban ce kuskure, uban ya koma gaban alƙalin da ya rantsar da shi ya janye. In ba haka ba, ɗalibi ya rubuto ya faɗi wadda za a riƙe. An ba shi kwana ashirin, domin jirgin ruwa ba ya jira.

Basiru ya san abin da janyewa take nufi. Dillali ba shi da shanu, ba shi da rumfa. Bakinsa ne jarinsa. In ya ce saniyar nan ba ta sata ba ce, an yarda. In ya ce ta haihu sau biyu, an yarda. Ranar da aka ji Babaji ya dafa Alƙur'ani sannan ya dawo ya ce ba haka ba, Bubayaro ma, da duk amincinsu, wani zai kai wa shanunsa.

Kwana goma sha biyar yana yawo da wasiƙar a aljihu. A kwana na sha shida, bayan la'asar, ubansa ne ya kira shi. Dabo ya riga ya fesa masa komai.

"An ce na ɓata maka tafiya."

"A'a, Baba. Tsarinsu ne haka."

"Wane irin mutane ne masu son maraƙi su bar bijimi?"

"Shekara biyar ake karatun. Suna so a dawo da sauran ƙarfi."

Babaji ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ni dai ƙara maka na yi, ban rage ba. Amma in ka ce in koma wurin alƙali, gobe da hantsi ina can. Kai za ka faɗa."

Ya sa hularsa daidai, ya jira. Da gaske yake, kuma wannan ne ya fi nauyi. Basiru ya dubi tsohon, ya dubi igiyoyin shanu da ke rataye a bangon zaure.

"Bari in yi tunani, Baba."

Washegari ya zauna a ofis ya rubuta layi uku da kyakkyawan Turancin da ya saya ta gidan waya. Ya ce takardar mahaifinsa ita ce daidai, kawunsa ya yi mantuwa, kuma yana godiya. Kawu Dabo manomi ne, gero ba ya tambayar mutum rantsuwarsa. Duk da haka shekara biyu Dabo bai taka gidan Babaji ba.

Aka tura wani daga Biu. Basiru ya koma kan kekensa yana da shekara talatin. Babaji bai sake ta da maganar ba, sai dai ya daina zama a kara in an gama ciniki.

Abin da ya rage wa Malam Basiru daga Ingila shi ne sanin fom. Duk saurayin da aka zaɓa daga wannan yanki, ko Ingila ko Hartum ko Alƙahira, gidansa yake fara zuwa. Yakan cike masa komai, ya nuna masa inda zai sa hannu. In an zo kan shekaru, ba ya aiken kowa. Yakan ɗauki hutun rabin yini, ya je ya gai da uban yaron, ya raka shi har ƙofar kotu, yana yi masa tambayoyi a hanya: wace damina, wane sarki, kafin a yi titi ko bayan an yi. In sun daidaita a kan gaskiya, sai ya sa tsohon ya maimaita sau uku.

Wasu iyayen sukan ji haushi. Wani tsoho daga Ngojin ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Malam, ni na haife shi ko kai?"

"Kai ne, Baba. Sake faɗa mini dai."

Kafin Turawa su tafi, ya raka iyaye bakwai, 'ya'yansu duk sun hau jirgi. Biyu daga cikinsu sun aiko masa da kati mai hoton gada.