Mai Taswira, Wanda Yake Raka Na'ura Har Ƙofar Gida

Kafin sauran masu shago su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya jera na'urorinsa a kan benci a waje, fuskokinsu na kallon sama. Ya ce sai sun sha iska sun gaisa da tauraron ɗan'adam tukuna yake sanin mai lafiya da mai ƙarya. Shagon nasa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tebur ɗaya, fitila ɗaya, da gwangwanin da yake tara ƙananan kusoshi. A layin masu gyaran waya ba wanda yake kiransa da sunansa. Mai Taswira kawai ake cewa, har matarsa ma idan ta zo nemansa.

Sana'arsa sayen na'urorin nuna hanya na hannu, waɗanda wasu suka gaji da su a wata ƙasa, ya gyara ya sayar wa direbobi da masu haya da babur. Zai buɗe cikinta, ya cire batirin da ya kumbura, ya sa sabo, ya zuba mata sabuwar taswira, ya liƙe bakinta da roba saboda ruwan sama. Daga nan sai ya ɗaure ta a kan tsohon babur ɗinsa ya nufi hanya mafi yawan ramuka. Wadda ta ɗauke a rami, ta koma tebur.

Maƙwabtansa sun sha yi masa tsiya. "Malam, zamani ya wuce ka, kowa taswirarsa na cikin waya." Shi kuwa ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Ku kai wayar taku inda babu sabis, rana ta gasa ta a kan babur, sannan ku dawo mu yi magana." Da yawansu sun dawo ɗin, suna sosa ƙeya.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu wata ɗabi'a ce tasa da ban ga mai yin ta ba sai shi. Kowace irin wannan na'ura tana da wurin da ake taɓawa ta mayar da mutum gida, kuma ta hannu takan zo da gidan tsohon mai ita a ciki. Wani mai babur ya taɓa sayen tasa a wani wuri, ya shigo shagon yana huci: "Na ce ta kai ni gida, ta ce in miƙe in faɗa teku!" An yi dariya har da riƙe ciki, Mai Taswira bai yi ba. Shi a wurinsa ba a miƙa na'ura a shago. Sai ya rufe ƙofa, ya bi mai saye har ƙofar gidansa, ya tsaya a daidai dokin ƙofar, ya goge gidan baƙo ya sa na mai sayen. Ko ciniki na jiransa, ko hadari ya haɗo, sai ya je.

Wata rana wata mai ɗinki ta shigo, idanunta sun yi ja. Mahaifinta, wanda kowa yake kira Baba Direba, ya yi rayuwarsa kaf yana tuƙin babbar mota. Da ya ajiye aiki sai ya sayi ɗan ƙaramin babur, da shi yake zuwa kasuwa da wurin tsofaffin abokansa. Yanzu mantuwa ta fara kama shi. Likita ya ce ido lafiya, hannu lafiya, hanyar dawowa ce take ɓace masa. An riga an tsinto shi a wata unguwa yana zaune a kan babur yana kalle-kalle. Babban wanta ya rantse, in ya ƙara ɓata, makullin ya bar hannunsa ke nan.

Ta ce, "Malam, in aka ƙwace makullin nan an kashe shi a tsaye. Na san ubana."

Mai Taswira ya zaɓo na'ura mai babbar fuska da ƙara mai ƙarfi, ya gyara ta yadda bai taɓa gyara wata ba. Ya ja mata waya daga batirin babur don kada caji ya ƙare, ya ɗiga jan fenti a gefen wurin da ake taɓawa. Sai dai da suka isa gidan, tsohon ya ƙi ko kallonta.

"Ni za a nuna wa hanya? Ni? Yaro, tun ba a shimfiɗa kwaltar nan ba nake bin ta."

Mutumin da ya fara furfura ne ake ce wa yaro, amma ya shanye. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ai abin da ya kawo ni ke nan. Na'urar nan ban yarda da ita ba. Ina neman wanda ya san hanya ya gwada min ita. Duk inda ka je, in za ka dawo ka taɓa jan nan, ka bi kibiyar, ka kama min kuskurenta."

Tsohon ya gyara zama. Ya ce, "Yanzu ka yi magana. Ɗaura ta."

Daga ranar, duk yamma Mai Taswira yakan rufe shago da wuri ya biyo Baba a baya da nasa babur, wai yana koyon hanya. Gaskiyar magana, so yake yatsan tsohon ya saba da jan ɗigon har ya riƙa taɓawa ba tare da tunani ba. Wata rana Baba ya manta ya kunna, wata rana ya kashe ta don ta cika surutu. Matar Mai Taswira ta yi ƙorafi, maƙwabta suka ce ya zama ɗan rakiyar tsoho. Bai fasa ba. Da ya ji an rufe wata hanya ana gyara, ya je da kansa ya duba, ya sa na'urar ta riƙa kauce mata. Babban wan kuwa ya faɗa masa a fuska cewa wasan yara yake yi da ran mutane. Maganar ta yi masa zafi sosai, don shi ma tsoron yana cin sa, amma washegari ya sake zuwa.

Sai ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya fita tun da hantsi, shi kaɗai, har yamma shiru. Mai ɗinki ta kira Mai Taswira tana kuka, ya bar shago a buɗe ya taho. Ya tarar da babban wan a ƙofar gida, ya jiƙe sharkaf, yana cewa yau magana ta ƙare. Mai Taswira ya tsaya a daidai inda ya tsaya ranar da ya sa gidan a na'ura. Ya san in tsohon bai taɓa jan nan ba, babu abin da na'urar za ta iya yi masa.

Can sai ga fitilar babur ta shawo kwana, a hankali, a hankali. Baba ya tsaya, ya kashe, ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya dubi babban ɗansa ya ce, "Lafiya kuka cika min ƙofa?" Ya juyo ga Mai Taswira: "Na'urarka ta zagaya da ni ta bayan gidan mai. Amma ba laifi, tana ƙoƙari."

Bayan an watse Baba ya riƙo hannun Mai Taswira, ya rage murya. "A shataletale na tsaya, ban san gabas ba ban san yamma ba. Sunan unguwata ma ya tafi. Sai na ga jan nan." Sannan ya ce, "Na san ba ita nake gwadawa ba, yaro. Tun ranar farko na sani. Kada ka gaya musu."

Mai Taswira bai gaya wa kowa ba, sai da tsohon ya ba da labarin da bakinsa. Baba ya ci gaba da hawan babur ɗinsa har lokacin da ya ji hannu ya fara yi masa nauyi. Ranar nan shi ya kira babban ɗansa ya miƙa masa makullin da kansa, ba wanda ya ƙwace. Na'urar kuwa Mai Taswira ya cire ta ya sa mata igiya, yanzu a wuya take, da ita tsohon yake yawonsa a ƙafa.

Mai Taswira, kai ne wanda ya ɗauki abin da wasu suka yar ya mayar da shi abin dogaro. Kai ne ka gane cewa ba a gama ciniki ba sai mai saye ya isa gida. Na ga direbobin da suka fita daga daji da na'urarka, na ga mai kai magani ƙauye da ta daina kwana a hanya, amma mutuncin tsohon nan da ka tsare shi ya fi tsaya min a rai.

A makon nan Mai Taswira yake rufe shago, ido ya gaji da ƙananan kusoshi. Ranar da yake kwashe kaya sai ga Baba ya shigo, 'yarsa na biye, na'urar na lilo a ƙirjinsa. Fuskoki da yawa sun ɓace masa yanzu, amma ta Mai Taswira ba ta ɓace ba.

"An ce ka ajiye aiki. To wa zai duba min ita?"

"Ni, Baba. Wannan ɗaya ban ajiye ta ba. Har gida zan riƙa zuwa."

"Ka san gidan?"

'Yar ta sunkuyar da kai. Mai Taswira ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya ce, "Na ɗan manta, Baba."

"To zo in kai ka, kada ka ɓata."

Mun gode, Mai Taswira, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon lafiya. Ku kuma masu sana'a, ko me kuke sayarwa, ku riƙa bin abin da ya fita daga hannunku ku ga inda ya kai mai shi. Ni dai ina tsaye na ga tsohon ya taɓa jan ɗigon ya shige gaba, Mai Taswira ya bar kayansa a ƙasa ya bi shi a baya.