Haƙoran Ƙarfe a Kan Tabarmata

Lokacin kaka ne, shekarar da riɗi ya yi kyau a Kwandiko har samari suka riƙa tafiya suna ɗaga kafaɗa. Kowa da abin da ya saya. Autana kuwa Kano ya tafi, ya dawo da wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na gogar ƙasa in ta bi hanyar gona. Ko buhu ɗaya ba ya shiga bayanta. Gudu kawai ta iya.

Tun daga ranar, in ya hau kwaltar Birnin Kudu sai abinci ya ƙi wuce mini. Ga manyan motoci, ga shanu na tsallakawa, shi kuma ya taka ta har ƙarshe. Ban hana shi ba, don na san halinsa: in aka hana, sai ya yi a ɓoye.

Wata la'asar ina sheƙar gero ya shigo da ƙarafa biyu a ƙunshe cikin tsumma, ya baje su a tabarmata. Ɗaya zobe ne mai faɗin faifai, haƙora sun kewaye shi. Ɗayan ƙarami, kamar guntun masara. Ya ce bakanike zai sa wa motar su don ta riƙa zabura da an taka.

Malam, mahaifinsa, ya ajiye buta ya ce, "Motar da ke neman tashi sama za ka ƙara wa fiffike? In ƙarfen nan ya shige ta, kai da ita ku nemi wani gidan."

Na bari ya fita masallaci, sannan na ce wa yaron ya nuna mini yadda suke aiki.

"Inna, wannan fa ba awon mudu ba ne."

"To, sarkin riɗi, koya mini. Ina da kunne."

Ya yi dariya, ya ɗora ƙaramin a kan babban. Ya ce a aksul suke zama, tsakanin tayoyin baya. Inji ke juya ƙaramin, ƙaramin ya juya babban, babban ya juya taya. Wannan sabon zoben ya fi na cikin motar yawan haƙora, saboda haka sai ƙaramin ya ƙara zagaye kafin taya ta juya sau ɗaya. Daga nan ƙarfin tashin yake fitowa.

Na ce, "Ta samu ƙarfi. Me za ta rasa?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa.

"A doguwar hanya ba za ta kai gudunta na da ba. Inji zai yi ta kuka, dole mutum ya sassauta ƙafa. Ga shan mai. Don Allah kada abokaina su ji."

Na ci gaba da sheƙata, ban bari ya ga fuskata ba.

Bayan magariba na kai wa Malam tuwo, na zauna na faɗa masa yadda na fahimta.

"Ke ma kin zama bakanike ke nan?"

"A'a, Malam. Ni dai ba tashinta ke tayar mini da hankali ba, ƙarshen gudunta ne. Ƙarfen nan kuwa shi zai rage shi, kuma da hannunsa ya sayo."

Ya daɗe yana juya lomar tuwo. Daga baya ya kira yaron ya ce ya yarda, amma ban da zabura a cikin gari inda yara ke wasa. In ya ji labari, makulli ya dawo aljihunsa.

Aka sa ƙarafan a Birnin Kudu. Ya dawo da yamma yana murna da tashinta, yana kuma mitar yadda ƙananan motocin haya suka riƙa wuce shi a hanya.

Washegari da safe na yafa mayafi, na buɗe ƙofar gaba na zauna, na ce ya kai ni Basirka in gaida yayata. Da muka hau kwalta na zuba wa allurar gudun ido, ina karanta lambobin da na koya a ajin yaƙi da jahilci, don in ga inda za ta tsaya.