Wasiƙun da Suka Zo da Sunan Ƙanena

Ƙanena ya tafi Libiya neman aiki a shekarun da taki ya gagari manomi, mai ya gagari mai babur. Kafin ya tafi ya kai ni wani shago a Gwarzo mai kwamfuta uku, ya sa aka buɗe mini akwatin imel. Ni karatun allo na yi, da ajami nake rubutu, boko kuwa sai na bi shi da yatsa. Mai shagon malamar makaranta ce, Kirista, 'yar Filato, takan buɗe bayan an tashi ɗalibai. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a ta cire labulen da ke tsakanin kujeru, ta juya fuskokin kwamfutocin suna kallon ƙofa, kada a yi mata magana.

Duk Laraba nakan je. In rubuta amsata a takarda tun daga gida, in karanta mata, ita ta buga. Ranar Juma'a kuma in hau zuwa Gude, ƙasar Kabo, in kai wa Inna labarin ɗanta. Wasiƙarsa ba ta wuce layi biyar, kuma kullum da tambaya ɗaya yake farawa bayan sallama: yaya ƙafar Inna.

Shekara guda muna haka, sai ya yi shiru. Wata bakwai akwatin ba komai. Na daina jin komai game da abin, zuwa kawai nake yi kamar yadda ake zuwa gona.

Wata Laraba sai ga sunansa, cikakke, har da na mahaifinmu. Lokacin Malama ta yi tafiya, mijinta ne a shagon, mutum mai sauri. Ya ce Turanci ne, gaisuwa ce, an kira sunana, an ce in duba wani abu. Ban tsaya bincike ba. A wurinmu wanda ya yi maka sallama ya ɗora maka nauyi, sai ka amsa. Na sa ya buga mini amsa mai tsawo. Ranar Juma'a na ce wa Inna ya rubuto. Ta sa aka toya waina aka raba wa maƙwabta.

Mako na gaba uku suka zo, na amsa ukun. Na bayansa tara. Dukkansu da sunansa, wata tallar agogo, wata tallar maganin da ba zan faɗa ba. Na ce a raina ko aikin da ya samu ke nan. Duk na amsa, ina tambayarsa lafiyarsa.

Da Malama ta dawo ta buɗe akwatin, ta daɗe tana kallo.

“Baba, wa ya ce ka riƙa amsa waɗannan?”

“Sallama aka yi mini.”

“Inji ne ya yi maka sallama. Kai kuma har da yaya gajiya, yaya iyali. To ka gaya musu akwai mai rai a nan, shi ya sa suka kwaso 'yan'uwansu.”

Ta danna sunan, wani dogon rubutu ya fito a ƙarƙashinsa, adireshin wanda ya aiko. Ta ɗauko tsohuwar wasiƙarsa ta ajiye gefe, ta ce in bi da yatsa. Na bi harafi harafi. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Ta duba sauran, kowacce adireshinta daban, suna ne kawai ɗaya.

Ta ce sunan da ke sama kamar bayan ambulan ne, kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. Wataƙila daga wata kwamfuta da ƙanena ya taɓa zama a kanta aka kwashe sunayenmu tare. Ni da a takarda ce da tun daga nesa zan gane, don na san yadda yake jan wutsiyar harafi tun muna gaban malam ɗaya. A kwamfuta kowa hannunsa ɗaya.

“Wannan yana nufin ya rasu?” na ce.

“Ba ya nufin komai, Baba. Ba shi ne ba, shi ke nan.”

Ta ce za ta ɗaure akwatin, abin da ya fito daga tsohon adireshinsa kaɗai zai shigo, saura su faɗa kwandon shara, bayan wata guda su goge da kansu. Na ce in ya sake adireshi fa. Ta ce za ta riƙa leƙa kwandon, duk wadda ta fara da ƙafar Inna za ta tsamo ta. Na ce ta ɗaure. Ta danna wurare biyu ko uku, sunansa ya ɓace daga fuskar, layi bayan layi. Janareta na ta ƙara a waje. Na fita na yi la'asar a masallacin tasha.

Ranar Juma'a na tarar da Inna a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafar a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, muka daɗe muna gaisawa.

“Ya rubuto?”

“Inna, waɗancan ma ba shi ne ba. Wasu ne suka ari sunansa. Ni na yi gaggawa.”

Ta ɓare guda biyu, ta jefa a ƙwarya.

“Wainar dai an ci,” ta ce. “Allah Ya kai masa ladan, duk inda yake.”

Na ce amin. Ta turo mini ƙwaryar, na zauna muka ci gaba da ɓara. Laraba na koma Gwarzo, akwatin ba komai.