Sunan da Tsahara Ba Ta Kira

Duk wanda ya san layin masu atamfa a kasuwar Treichville ya san Hajiya Tsahara, mutuniyar Tawa ta ƙasar Nijar. Tana amarya ta shigo Abijan, a nan ta haihu, a nan ta binne mijinta, amma har yau Faransancinta bai wuce na ciniki ba. Mace ce mai kawaici irin na mutanen da. 'Yarta ta fari sunanta Nuriyya, sai dai ba a taɓa jin sunan a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ana yaye yarinyar aka kai wa gwaggonta riƙo a Tawa, kamar yadda aka saba. Tsahara ta ɓuya ta sha kukanta, ta wanke fuska ta fita kasuwa. Da gwaggon ta rasu aka miƙa yarinyar wani gida, daga can wani, sai da ta zama budurwa aka dawo da ita.

To, halin da ta dawo da shi ne ya gagari kowa. Nuriyya tela ce ta gani ta faɗa, kuma idan ta so mutum kamar ta haɗiye shi. Amma yau babu kamarka a duniya, gobe don ba ka ɗaga waya ba ka zama maƙiyi. In mijinta ya makara a cunkoson motocin unguwar Roxy, sai ya dawo ya tarar ta farfasa faranti, sannan ta durƙusa tana roƙon kada ya bar ta. Bawan Allah ya gaji ya sake ta, ya bar mata 'yarsu Huda. Nuriyya takan ce cikinta wayam yake, kamar shagon da aka kwashe. Aka ce iska ce. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, abu na nan.

Ranar da Tsahara ta ga shatin dutsen guga a damtsen 'yarta, ta kuma gane ita ta ƙona kanta da gangan, sai ta kai maganar gaban dangi. Yayanta Alhaji Ɗantani, wanda maganarsa ce magana a dangi, ya yanke cewa a kai Huda Tawa riƙo kafin uwar ta yi mata lahani. Nuriyya ta daina cin abinci. Ta ce in aka ɗauke Huda, ita ba ta da sauran abin yi a duniya, kuma Tsahara ta san ba barazana ba ce.

Wata ma'aikaciyar jinya mai sayen atamfa a wurinta ce ta tura su ga likitar ƙwaƙwalwa. Tsahara ta je tana rufe fuska da gyale, wai kada a ce 'yarta ta haukace. Likitar ta yi mata bayani da Julanci, yaren kasuwa, cewa wannan ba hauka ba ne, ciwo ne mai suna, borderline. Mai shi yana jin komai fiye da kima, tsoron a yashe shi kuma shi ke juya shi. Wani da saurin jin nan ake haifarsa, in kuma ya taso ana yawo da shi hannu zuwa hannu sai abin ya kafu. Ƙwaya ba ta cire shi, sai zaman tattaunawa duk mako, a koyi yadda ake tsayar da zuciya idan ta taso, kuma da yawa suna samun sauƙi da lokaci.

Bayan 'yan zama Nuriyya ta yarda a faɗa a gaban uwarta: ta san kunya ce ke hana a kira sunanta, amma sanin bai taɓa hana ta jin cewa ba a son ta ba. Tsahara ta fito tana huci. Ita da ta ɗauki ciki, wata baƙuwa ce za ta koya mata so? Amma maganar ta bi ta har rumfa, ta hana ta ciniki.

Ranar tafiyar Huda suka hallara a tashar mota ta Adjamé da hantsi. Har an ɗora jakar Huda a mota. Tsahara, wadda ba ta taɓa musa wa yayanta ba, ta waiga ta ga Nuriyya a gefe, ba ihu ba zagi. Ta manna ledar ruwan sanyi a fuska tana jan numfashi a hankali kamar yadda aka koya mata. Tsahara ta juya wajen motar. Ta sa aka sauke jakar.

"Yaya, ka yi haƙuri," ta ce. "An raba ni da tawa na yi shiru. Wannan ba ta zuwa ko'ina."

Alhaji ya buɗe baki, amma ta riga ta juya.

"Nuriyya, riƙo 'yarki mu tafi gida."

Nuriyya ta sauke ledar daga fuska. Sai da ta waiga baya tukuna, tana neman wanda ya kira ta.