Keken da Kaka Ya Ɗora Mini a Kan Bututu

Duk lokacin da na wuce rumfar mai walda na ji ƙaurin ƙarfen da wuta ta ci, sai gidanmu na cikin Birnin Zazzau ya faɗo mini a rai, da daminar da na cika shekara takwas.

Ina da shekara uku shan inna ya kama ni, ya kashe mini ƙafafu duka biyu. Da hannuwa nake tafiya, in zura silifas a tafukana in ja jiki. Da rani ban damu ba. Amma gidanmu a kan gangare yake: zaure a sama, ɗakunan mata can ƙasa, tsakaninsu wani lungu mai tsawon taku arba'in. Da an yi ruwa sai lungun ya koma taɓo mai santsi. A zauren nan kuma malam ke koya wa yaran gida karatu kowace safiya.

Mahaifiyata ce ke goya ni har bakin zaure, ga shi tana da tsohon ciki. Wata safiya santsi ya kwashe ta ina bayanta, ta faɗi a kan gwiwoyi. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ta, amma daga ranar na ce ba wanda zai sake ɗauka ta. Kwana tara ina ɗaki, ina jiyo muryoyin yara daga sama.

Kakana na wajen uba tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru yana gyaran taragai kafin ya ajiye aiki. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. A rana ta goma ya sauko, ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon lungun.

"Amarya, in na shimfiɗa miki layin dogo, za ki tuƙa jirgin?"

Na ce, "In dai ba turo ni za a yi ba, Kaka."

Ya ce, "To, ba za a turo ki ba."

Bai taɓa ƙarfe ba sai da ya yi mako yana awo. Ya auna lungun da igiya, ya auna tsawon hannuna, ya sa na riƙa ɗaga bokiti yana ƙara ruwa har ya ga inda ƙarfina ya tsaya. Komai yana zanawa da fensir a bayan takardar buhun siminti. Sannan ya samo tsofaffin bututun famfo wajen masu gwangwan a Ƙofar Doka, ya jera su layi biyu a kan guntayen katako, tun daga ƙofar ɗakinmu har dokin ƙofar zaure.

Tayoyin boris ya fara sa wa keken, amma bututu abu ne mai zagaye, da an motsa sai su zame su faɗo. Ya je wurin masassaƙi aka fafe masa tayoyin icen kirya masu kwarmi a tsakiya, suka rungumi bututun. Ya kafa fedar keke a gaban kujera don in riƙa juyawa da hannu, sarƙa ta tafi zuwa tayar baya. Ranar da ƙasa ke bushe, abin ya hau lafiya. Ranar da aka yi yayyafi kuwa, ina tsakiyar hawa tayoyin suka soma juyi a wuri ɗaya, sai keken ya koma da ni baya a guje, ya kifar da ni a bakin kwata. Leɓena ya fashe. Har yau tabon yana nan.

Mahaifina ya dawo daga kasuwa ya tarar ana gasa mini baki da ruwan ɗumi. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, don Allah a bar abin nan haka."

Kaka ya ce, "Ba ni zan hau ba. Tambaye ta."

Bakina a kumbure na ce gobe ma zan hau. Mahaifina ya dube ni, ya dubi mahaifiyata. Washegari shi da kansa ya kawo tsofaffin sarƙoƙin babur cikin buhu.

Kaka ya gane cewa ice ba zai kama jiƙaƙƙen ƙarfe ba, dole sai abu mai haƙora. Ya haɗa sarƙoƙin suka zama guda ɗaya doguwa, ya kafe ta da ƙusoshi a tsakiyar layin. A ƙarƙashin kujera ya sa giya, wato faifan ƙarfe mai haƙora, wadda haƙoranta ke shiga ramukan sarƙar ɗaya bayan ɗaya. A wajen hannuna ya sa ƙaramar giya, a ƙasa babba, ya ce in ƙirga haƙoransu. Ƙaramar sha huɗu, babbar arba'in da biyu. Ya ce ke nan sai na juya sau uku kafin babbar ta juya sau ɗaya. Tafiyar za ta yi jinkiri, amma ba za ta fi ƙarfina ba. Ya kuma sa wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙora yana ƙas, ƙas, don ya hana komawa baya. Wajen saukowa sai in ɗage shi, in danne birkin da ya yanko daga tsohuwar taya.

Da gangan ya jira ranar ruwa. Na hau, allona a kan cinya, na soma juyawa. Kaka yana tafe a gefena, hannuwansa goye a baya. Daidai inda na faɗi wancan karon kafaɗuna suka gaji, hannun ya kuɓuce mini. Na runtse ido. Keken ya tsaya cak. Na ji numfashin Kaka kusa da ni, amma bai miƙo hannu ba. Na huta, na sake kamawa, har tayar gaba ta taɓa dokin ƙofa. Na sauka a kan tabarma zanena ba ɗigon taɓo. Malam ya ɗago kai ya ce, "A ina muka tsaya?"

Shekara shida na yi ina hawan keken nan. Kaka ya rasu da daɗewa, an raba gidan, an shafe lungun da siminti. Yanzu ni malamar makaranta ce, kuma unguwa ta cika da gine-gine masu kyau waɗanda ba wanda ya yi tunanin irina da ake gina su. Bara aka yi mana sababbin azuzuwa, kowanne da matakala uku. Na faɗa wa shugaban makarantarmu a yi musu gangaren hawa, ya ce sai an duba. Na sa aka auna mini tsayinsu, na lissafa buhun simintin da gangare zai ci, na koma ofishinsa sau huɗu. An yi wa aji biyu. Saura shida, kuma ranar Litinin zan koma.