Baba Fuseini da kujerun famfon Dungu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaban allo da safen nan, alli a hannuna, labari ya iso ni: Baba Fuseini ya rasu.

Na ce wa ɗalibai su ci gaba da karatu, na fita na tsaya a baranda.

Lokacin da aka turo ni koyarwa Dungu, shi ya nema mini ɗaki. Duk damina sai ya aiko mini da ƙwan zabi, wai malami mai yunwa faɗa kawai yake koyarwa.

Famfo ɗaya gare mu a layin. Da Dagomba 'yan ƙasa, da mu 'yan zango, da Kiristoci 'yan kudu, kowa nan yake ɗiba. A da, kowace ƙungiya sai ta tura wanda ya fi iya zagi ya wakilce ta a kwamitin ruwa. Mitin ba ya ƙarewa sai an rirriƙe wani.

Baba ne ya kawo tsarin da muke bi yanzu. Kowace ƙungiya ta tsayar da mutum biyu, amma ba ita za ta zaɓa ba, sauran ƙungiyoyin ne za su ɗauki ɗaya a ciki. Kana son kujera? To sai ka iya gaida maƙwabcinka. Kuma babu mitin ran Juma'a, babu ran Lahadi.

Mutanensa Dagomba ne suka fi yawa, shi ya sa suka ji zafin abin. Har akwai waɗanda suka daina yi masa magana.

Makon jiya na je duba shi a gidan ƙaninsa a Zogbeli. Na tarar da Maame Akosua, wakiliyar 'yan kudu, ta kawo masa koko.

Ta ce, "Alhaji, sha. In ka mutu, wa zan yi faɗa da shi?"

Ya ce, "Ga Masta nan, ya fi ni surutu."

Sai ya kama hannuna. Ya ji cewa samari na so a soke tsarin a zaɓen Asabar mai zuwa, mai rinjaye ya kwashe kujerun duka. Ya ce, "Masta, yaranka ne. Kada ka tsawata musu. Ka tambaye su kawai: ranar da kuka zama 'yan kaɗan, wace doka kuke so ta same ku?"

Ban sani ba ko za su saurare ni. Da yawansu a ajina suka zauna, kuma ba mugaye ba ne. Ran Asabar zan tsaya a bakin famfo in yi musu tambayar, kamar yadda ya ba ni ita.

Allah Ya gafarta wa Baba Fuseini, Ya shayar da shi daga Alkausara. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ko a masallaci ko a coci. Shi bai taɓa tambayar mai bokiti inda yake ibada ba.